Filu Ya Shiga Gari

Tanimu na durƙushe a kan siminti, rabin jikinsa a ƙarƙashin kabad ɗin kwanoni, yana laluben kwikwiyon da bakin tsintsiya. A tsakar gida kuwa Jibo mai ga-ruwa na tsaye riƙe da yagaggiyar ƙafar wandonsa, yana rantsuwa shi da gidan nan har abada.

"Fito mana, ɗan banza," in ji Tanimu. "Ka yi ɓarna, kuma kai ne da ɓuya."

Shekara takwas ke nan Tanimu yana kuku a gidan wani Bafaranshe, Mushe Lambar, wakilin wani kamfanin sayen gyaɗa, tun shekarar da Gulbi ya ci tsohon gari aka komo da Maraɗi kan tudu. Ya iya gashin burodi, ya iya miyar Nasara kala-kala, amma bai taɓa zaton kare zai shigo cikin aikinsa ba. Sati uku da suka wuce Madam, matar Mushe, ta dawo daga Yamai da abin a cikin kwando, ɗan mitsitsi, kunnuwa har suna jan ƙasa, ta sa masa suna Filu. Tun ranar bai taka ƙofar gida ba. Madam na tsoron rana, tana tsoron kaska, tana tsoron karnukan gari. Shi kuma Filu sai ya tashi yana tsoron komai. In jaki ya yi kuka a bayan katanga sai ya saki fitsari. In kaza ta gifta sai haushi. In mai babbar riga ya yi sallama, to ranar ba mai jin maganar wani a gidan. Wandon Jibo shi ne na uku.

Da rana, Tanimu na zuba wa Mushe miya, ya ji hukuncin da kunnensa, don faransancinsa ya kai ya gane faɗa. Ranar Lahadi ta sama kumandan, Nasaran da ke mulkin garin, zai zo cin abincin rana. In kafin nan abin nan bai natsu ba, za a ba gardi, dogarin gwamnati, ya kai shi bayan gari. Madam ta ajiye cokali, ba ta ƙara ɗauka ba.

Can sai ga ta a kicin, idanu jajir, da guntuwar Hausarta.

"Tanimu, kai san kare?"

"Madam, ni kaza na sani."

Ta yi dariyar da ta ƙare da kuka, ta fita. Tanimu ya tsaya yana juya ludayi a hannu. Ya san matar nan. In ranta ya ɓaci ba ta cin abinci, in ta kwana biyu ba ta ci ba sai maganar komawa Faransa, in kuwa ta tafi Mushe a kulob ɗin Nasara zai riƙa ci, kuku bai da sauran amfani. Ya leƙa ƙarƙashin kabad. Idanu biyu suka leƙo shi, jikin mai su na ta ɓari.

Shi Tanimu a masallaci ya tashi, ubansa ladan ne. Amma dangin uwarsa na Jiratawa suna nan kan al'adar kakanni, kare a gidajensu kamar akuya yake. Akwai yayar uwarsa, Baturiya, wadda aka sa wa sunan don an haife ta fara sol, wadda maharba ke kawo wa kwikwiyoyi tun daga nesa. Washegari ya nemi izinin Madam, ya sa Filu a kwando, ya hau bayan kamiyon kamfani mai zuwa ɗaukar gyaɗa.

Ya tarar da ita a lambu, tsakanin taba da albasa, tana ban ruwa da ƙwarya. Ta dube shi, ta dubi kwandon.

"Ɗan Uwani, yau kai ne da kare? Ashe zan ga abin mamaki kafin in mutu."

"Inna, aiki ne. Na Nasara ne. Mugu ne, ya yaga mutum uku."

"Ajiye shi ƙasa in ga mugun."

Ya buɗe kwando. Filu ya leƙo, ya ga sarari ba katanga, ya koma ya dunƙule. Baturiya ba ta matso ba, ba ta ko dube shi ba. Ta zauna kan kunya ta ciro ƙuli-ƙuli daga bakin zane, ta gutsura, ta jefa kusa da kwandon, ta ci gaba da tambayar Tanimu lafiyar matarsa Atika da yara. Sun kai ga labarin wanda ya mutu da wanda ya yi aure kafin ɗan hanci ya fito. Ta sake jefawa, wannan karon kusa da ita. Kafin inuwa ta juya Filu na shinshinar yatsun ƙafarta.

"Wanga ba mugu ba ne," in ji ta. "Tsoro ne. An kulle shi bai san duniya ba. In ka bari ya girma haka, to nan ne zai zama mugun."

Ta yi fito. Wata tsohuwar karya, baƙa mai farin ƙirji, ta taso daga gindin mangwaro tana miƙa. Filu ya kwarma ihu, Tanimu ya kai hannu zai ɗauke shi.

"Bar shi. Kana ɗauka, ka gaya masa akwai abin tsoro ke nan."

Karyar ta zo ta shinshina shi gaba da baya, ta yi hamma, ta kwanta. Filu ya yi ta haushi har ya gaji, sannan ya zagaya ya ja mata wutsiya. Ta ture shi da hanci ya faɗi, ya tashi ya sake.

"Kullum ka fita da shi," in ji Baturiya. "Abu ɗaya, biyu, kada ka cika masa. Ka tsaya nesa ya gani. In ya yi shiru ka ba shi ƙuli. In jikinsa ya soma ɓari ka ja baya, gobe ku dawo. Kada ka ja shi da ƙarfi. Kai ma ka rage ƙyamar nan taka, yana jin ta a igiya."

"Inna, ina salla."

"Wa ya hana ka? Ruwa ya ƙare a Maraɗi ne?"

Da ya koma gida, Atika ta saurari labarin tana tankaɗe har ya gama. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da wata tsohuwar taguwarsa mai faci.

"Ga rigar kare. A can gidan Nasara za ka riƙa rataye ta. Kuma ka wanke hannu kafin ka taɓa min ƙwarya."

Haka aka soma. Da an sallame asuba Tanimu zai sa taguwar, ya cika aljihu da ƙuli, su fita. Ranar farko iyakarsu bakin hanya, suna kallon jakunan masu itace daga nesa. Rana ta biyu sun kai rijiya. Ta uku Filu ya zauna kusa da rumfar maƙera, guduma na sauka kunnuwansa na tsalle, amma bai gudu ba. A Sabon Gari mutane suka samu abin kallo.

"Malam Tanimu, an yi maka ƙarin girma ne?" in ji wani tela da suke sahu ɗaya a masallaci.

"An yi. Yanzu ni ne malaminsa."

"To Allah ya sa ya yi sauka."

Jibo ne ya fi wuya. Sai da Tanimu ya bi shi har gida da sabon wando daga Madam, sannan ya yarda ya tsaya nesa, da garewaninsa a kafaɗa, ya jefa ƙuli yana kallon wani wuri. A kwana na uku Filu ya karɓa daga hannunsa. Jibo ya goge hannun a ƙasa sau bakwai, yana ɓoye murmushi.

Ranar Laraba Tanimu ya ga abin ya yi kyau, ya ce bari su je kasuwar Tibiri a yi mai gaba ɗaya. Da farko lafiya. Sun wuce 'yan kaji, sun wuce mahauta da mai kalangunsu, Filu na tafe wutsiya sama. Sai Tanimu ya manta da maganar nesa, ya ratsa ta inda Buzaye ke sauke gishiri. Wani raƙumi da ake durƙusarwa ya buɗe baki ya saki ruri a kansu. Igiyar ta zame daga wuya, Filu ya shige tsakanin ƙafafun mutane ya ɓace.

Tanimu ya bi layin 'yan hatsi, ya dawo ta 'yan tukwane, yana kiran sunan da ba wanda ya taɓa ji a Tibiri. Takalminsa ɗaya ya tsinke ya riƙe shi a hannu. Yana tambaya ana dariya, dattijo da gemu yana cigiyar kare. Sai da ya zagaya kasuwar sau biyu ya lura cewa tun ɗazu bai tuna da Madam ba, bai tuna da aikinsa ba. Karnukan mahauta kawai yake tunani, da ƙanƙantar abin.

Ya same shi a bayan wata mai tuyar ƙosai, kwance a inuwar kwandonta, ciki ya yi tulu.

"Naka ne?" in ji matar. "Ya zo yana rawar jiki, na ƙyale shi. Ƙosai uku ya ci."

Tanimu ya tsuguna. Filu ya taso ya ɗora masa ƙafafu a gwiwa ya lashe masa wuyan hannu, shi kuwa bai janye ba. Da suka huta ya koma da shi wajen raƙuman, amma can nesa, gindin wata bishiyar bedi. Suka zauna suna kallo har Filu ya gaji ya yi barci.

Lahadi ta zo. Tanimu ya gasa zabi huɗu, ya sa farar rigar aiki. Filu na kwance a baranda. Jibo ya shigo da ruwa, Filu ya kaɗa masa wutsiya. Gardi mai jar hula ya shigo share fage, karen ya shinshina takalminsa ya koma ya kwanta. Jaki ya yi kuka a bayan katanga, ko kunne bai ɗaga ba. Mushe ya dubi Madam ya gyaɗa kai.

Sai mota ta tsaya, kumandan ya fito, dogo, da farar hular kwano, gajeren wando, gwiwoyi jajaye, lofe a baki. Filu ya miƙe, gashin bayansa ya tashi. Ya ɓarke da haushin da rabon a ji irinsa tun ranar wandon Jibo, ya ruga bayan ƙafafun Tanimu yana yi yana leƙowa. Fuskar Mushe ta yi ja har wuya. Madam ta dafe baki.

Tanimu bai tsaya tunani ba. Bakinsa ya saba.

"Ranka ya daɗe, ja baya kaɗan. Ƙara. Kada ka dube shi. Cire hular."

Gardi ya zaro ido. Kumandan, wanda ya yi shekaru a ƙasar Hausa yana jin harshen sarai, ya ja da baya taku uku, ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Tanimu ya zaro ƙuli daga aljihun wando ya miƙa masa.

"Jefa masa. A hankali."

Ya jefa. Haushin ya ragu, ya koma gurnani, ya koma shinshina. A jifa na huɗu Filu na tsaye gaban jajayen gwiwoyin yana duban sama. Kumandan ya fashe da dariya har lofensa ya faɗi, Mushe ma ya bi shi da tasa, ko da yake ba ta kai ciki ba.

"Me na yi masa?" in ji kumandan.

"Ba ka yi komai ba, ranka ya daɗe. Laifina ne. Na nuna masa jaki, na nuna masa raƙumi, na nuna masa mahauta. Nasara ne na manta. In ban da na gida bai taɓa ganin ko ɗaya ba."

Aka ci zabi, ba wanda ya sake maganar bayan gari. Madam ta ci har ta ƙara. Da baƙi suka tafi ta shigo kicin da murna, ta ce abin mai sauƙi ne, gobe da la'asar Tanimu ya kai Filu kulob, a can duk Nasaran Maraɗi ke taruwa, ya gan su ya saba.

"To, Madam," in ji shi, ya ci gaba da wanke faranti.

Washegari suka tafi su uku, Madam a gaba da lema, Tanimu da igiya a baya. A ƙofar kulob mai gadi ya sara wa Madam, ya dubi Filu ya matsa gefe, sannan ya miƙa hannu a gaban ƙirjin Tanimu.

"Karen ya wuce. Kai ka san doka."

Madam ta juyo. Da alama sai a lokacin abin ya faɗo mata. Tanimu ya miƙa mata igiyar.

"Kada ki ja shi, Madam. Ki tsaya nesa ya gan su tukuna."

Filu ya waiwayo sau biyu, sannan ya bi ta ciki. Tanimu ya tsallaka hanya zuwa inuwar da direbobi ke zama, ya shimfiɗa takalmansa ya zauna a kai, ya kasa kunne. Ya ji haushi ɗaya, ya ji na biyu, daga nan sai ƙarar kofuna da dariyar mata.

"Malam, wa kake jira?" in ji wani direba. "Ban ga motarka ba."

"Ɗalibina na kawo," in ji Tanimu. "Yau ajinsa na ƙarshe."