Shekarar da Ta Dace da Ƙasusuwan Baba

Kowace shekara, ana saura kwanaki bikin sabuwar shekara, mukan je share kabarin Baba. Yana maƙabartar da ke kan tudun rairayi a bayan gari, wajen bakin teku. Ni ne babban ɗa namiji, ni ke riƙe fartanya. Yayata Nhan ita ke ɗaukar turare da dafaffiyar shinkafa.

Wata shekara muka tarar da Ba'amurke ɗaya a tudun, ya yi jawur da rana, yana duba taswira. Tafintansa Dinh, ɗan garinmu, ya ce shawara kawai baƙon ya zo bai wa sojan gwamnati kan 'yan kwaminis, ba yaƙi ba. Baƙon ya miƙo mini taba, na karɓa.

Da shekara ta zagayo baƙin sun kai goma sha biyu, ga tanti, ga jirgi mai saukar ungulu. An harbe musu mutum biyu a hanyar kogi, sai aka kawo wasu su tsare sauran.

"Khiem, mu tone ƙasusuwan nan mu dawo da su bayan gida," in ji Nhan.

A wajenmu ba a taɓa kabari sai an duba shekara, kowace kuwa da sunan dabbarta. Na je wurin tsoho Tung, mai duban ƙasa da ranaku, wanda ya zaɓa wa Baba wurin tun farko. Ya ƙirga a gaɓoɓin yatsunsa, ya sake ƙirgawa.

"Shekara mai shigowa ba ta jitu da ta haihuwarka ba, ɗana. Ka taɓa shi, gidanku ya watse. Sai ƙarshen shekarar maciji."

"Kaka, baƙin nan fa?"

"Kafin nan sauro ya kore su."

Da na gaya wa Nhan sai ta yi tsaki. "Yatsun tsohon nan ne za su tare motar soja?"

Na fi tsoron yatsun.

Zuwa na gaba mun tarar an zagaye tudun da waya mai ƙaya. Sai da Dinh ya samo mana takarda, soja na tsaye a kanmu na yi sharar.

Shekarar maciji ta shigo. A wata na huɗu jiragen ruwa suka zube sojoji a bakin teku, ba su ƙirguwa. Filin jirgi suke so. Kwana uku katafila ta yi ta baje tudun, aka shimfiɗa ƙarfe a kai. Ina tsaye a bakin waya ina kallo, ban ji komai a raina ba, ƙafafuna ne kawai suka gaji.

Daga baya Dinh ya turo amalanke cike da buhunan shinkafa, a ciki ƙasusuwan da leburori suka tsince a bayan katafila. Bai iya kallon kowa ba.

"Kowa ya ɗauki nasa," ya ce.

Babu suna, babu alama. Na ɗauki buhun da ya fi kusa da ni.

"Shi ne?" in ji Nhan.

"Ban sani ba, Yaya."

Duk da haka muka jira ƙarshen shekara, Tung ya zaɓi rana, ya ce ta yi kyau ƙwarai. Muka wanke ƙasusuwan da ruwan ƙamshi, muka jera su a tulu, kowane a muhallinsa. Ƙashin cinya uku na samu. Na sa duka.

Yana bayan gida yanzu. Ina share shi kowace shekara, in ajiye shinkafa, in kunna turare. Ko su waye a ciki, Baba nake ce musu.