Kalmar da Pei Zhun Ya Rufe da Ita

"Goge wannan," in ji Pei Zhun daga kan gado. "Tasa ce."

Lou maƙwabcinsa, mai rini, ya ɗaga alƙalamin gashi daga takardar. Tun safe yake rubuta wa tsohon, don hannun Pei ya daina riƙe komai. Baiti ɗaya ya rage, shi ma kalmar ƙarshe kawai.

Duk rayuwarsa Pei bai yi wata sana'a ba sai amsa waƙoƙin wani malami da ya mutu tun kafin a haifi kakan kakansa. Yakan ɗauki waƙar malamin, ya yi tasa, ya rufe kowane baiti da kalmar da malamin ya rufe nasa da ita. Haka masu ilmi ke gaisawa da magabata, garin ma ya yaba masa. Yanzu da ƙirji ya ci shi, sai ya ce yana son waƙa ɗaya tak wadda ƙarshenta nasa ne.

"Sa wata, na sama," in ji Pei. Ya yi tari. "A'a. Malamin ya sa wata. Kogi ma ya sa."

"Yaya Pei, mutumin nan ya mutu. Ba zai kai ka ƙara ba."

"Kai rini ka sani. Duk rijiyar da na je, sai in tarar da gugansa a ciki."

Matarsa, Uwargida Tao, ta shigo da kwanon kunun shinkafa. Ta ture takardun da gwiwar hannu.

"Da ka auri mataccen nan ka huta. Buɗe baki."

"Ina aiki, tsohuwa."

"Ka ji da ranka tukuna."

Ya karɓi cokali ɗaya, ya daɗe yana juya shi a baki. A waje masu kwale-kwale na ta faɗa kan wurin ɗaure igiya. Pei ya yamutsa fuska.

"Gishiri," ya ce.

Ya mayar da kai kan matashi. Suka jira ya ƙarasa ƙorafin. Bai ƙarasa ba.

Tao ta ajiye kwanon, ta rufe masa ido da tafin hannu, ta zauna a bakin gado. Ba ta yi kuka ba. Can ta dubi takardar.

"Sa masa kowace kalma, Lou. Ta malamin ma. A ƙona masa takardar yadda aka saba yi wa mamaci, ya tafi da ita, kada ya isa can hannu wofi."

Lou ya sha jin waƙoƙin malamin ta katanga har ya haddace su ba da sonsa ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya a zuci: duwatsu, giya, agwagin daji, ruwan kaka. Babu gishiri ko'ina.

Ya tsoma alƙalamin a tawada, ya rubuta kalmar a gurbin.

Tao ta ɗauki cokalin, ta ɗanɗana kunun da ya huce.

"Ban ma sa gishirin ba," ta ce.