Ɗaga Kai, Yallaɓai

Duk wanda ya zauna ya tsara dokokin canjin wurin aiki na masu kula da sauka da tashin jirage, to ba shi da 'ya'ya, in ma yana da su bai san sunayensu ba. Chizuru Nagamine ce ta fi kowa faɗar haka, kuma tana da hujja. Shekararta uku ke nan a hasumiyar filin jirgin tsibirin Ukishiro, mijinta Shuhei, wanda shi ma aikinsa ke nan, yana can arewa da 'yarsu Nazuna. Bana aka amince ta koma wurinsu a watan Afrilu, daidai lokacin da yarinyar za ta shiga firamare. Sai dai da sharaɗi. Doka ta ce kada hasumiyar ta kasa ƙwararru biyar, ita ce ta biyar, don haka ba inda za ta sai wanda aka turo ya maye gurbinta ya ci jarrabawar wannan filin. In bai ci ba kafin ƙarshen Maris, sai baɗi.

Da ta ji sunan wanda aka turo, har 'yar rawa ta taka a kicin. Kurahashi fa! Mutumin da ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana jera jirage a sararin babban birni kamar mai jera ƙwai a kiret. Ina shi ina wahala a Ukishiro, inda in jirgin safe ya tashi sai ka gama shan shayi ka wanke kofi kafin wani ya leƙo? Amma akwai wata dokar: komai girmanka, in ka sauya fili, ɗan koyo ne kai har sai an gwada ka.

Ya iso da furfurarsa da kwalin alewa na gaisuwa, ya rusuna mata har tana jin kunya.

"Malama, ga ɗalibinki."

"Haba Yallaɓai, rufa mini asiri. Lokacin da ka fara aikin nan ko ɗaurin takalmi ban iya ba."

"Duk da haka dai. Doka ce."

A rana ta uku asiri ya tonu. Jirgin rana na gangarowa, Kurahashi ya ba shi izinin sauka da wata murya mai santsi, ko tuntuɓe babu. Idonsa kuwa yana kan allon na'ura. Chizuru ta dubi titin jirgi ta taga.

"Yallaɓai, ɗaga kai!"

Awaki uku ne, sun ɓullo daga gonar rake ta wata kafa a jikin waya, suna tafe a tsakiyar titi kamar na ubansu. Ta fizgi abin magana ta ce wa matuƙi ya fasa sauka ya sake zagayowa. Matuƙin, tsohon ɗan hanya ne, ya amsa, sannan ya ƙara da cewa a gaishe masa da baƙon.

Ashe duk shekarun nan Kurahashi a ɗakin na'ura ya yi su, ɗaki mai duhu wanda ko taga babu. A wurinsa jirgi ɗigon haske ne a kan allo. Abin da allo bai nuna ba, babu shi a duniya. Akuya kuwa ba ta fitowa a allo, haka kunkuru, haka motar yankan ciyawa in direbanta ya yi mantuwa. Aikin hasumiya aikin ido ne, shi kuma wuyansa ya manta yadda ake ɗagowa.

Haka aka ci gaba. Lissafin iska, yana kansa. Dokoki, ya fi littafin sani. Taga ce kawai ba sa ga-maciji da ita. Chizuru ta ce "ɗaga kai" har sauran ma'aikata suka mayar da ita gaisuwa, in sun haɗu da shi a matakala sai su ce, "An ɗaga lafiya, Yallaɓai?" Shi kuma ya yi dariya, don mutum ne mai sauƙin kai, ya koma ya sunkuya.

A watan Fabrairu shugaban hasumiya, Tomari, ya kira ta gefe.

"Mai jarrabawa za ta zo mako mai zuwa. Sa hannu ki ce ya shirya, mu gwada sa'a. Ranar gwaji ai kowa yana nutsuwa."

"Ranar gwaji zai duba. Washegari fa?"

"Washegari kina haɗa kaya. Ke, wai ba ke ce mai son tafiya ba?"

Tana so mana! Tana so har cikin ƙashinta. Ta riƙe biro, ta tuna jirgin rana da 'yan makaranta da tsofaffin da ke dawowa daga asibiti a cikinsa, ta ajiye. Ta sauko tana zagin kanta, tana zagin doka, tana zagin awakin tsibirin kaf har da waɗanda aka riga aka yi miya da su. Saura dama ɗaya ke nan, ta watan Maris.

Ba ta taɓa gaya wa Kurahashi cewa tafiyarta a wuyansa take ba, don kada ta ɗora masa nauyi. Ta manta a tsibiri take. Matar da ke sayar da taliya a bakin fili ce ta fesa masa, tana zuba masa romo tana cewa, "Kai ne baƙon da ya hana 'yar mutane ganin uwarta? Ci ka ƙoshi, ka ji."

Washegari ya hau hasumiya fuskarsa ba annuri.

"Malama, kin cuce ni."

"Ni? Da na yi me?"

"Kin bar ni ina ta dariya, ashe yarinya ce ke jira. Daga yau ki daina ce mini Yallaɓai a bakin aiki. Ki yi mini yadda za ki yi wa yaron da ya fito daga makaranta jiya."

"Ka tabbata? Ba ni da daɗi fa."

"Na ji labari."

To fa, an ba ta wuƙa da nama. A lokutan da ba jirgi sai ta yafa tawul a kan allon, ta miƙa masa madubin hangen nesa, ta ce ya faɗa mata duk abin da ke motsi daga wannan ƙarshen titi zuwa wancan. In ya sunkuya ta buga tebur. Ta kafa masa ƙa'ida: kafin bakinsa ya furta izini, sai idonsa ya share titi daga dama zuwa hagu, ya faɗi abin da ya gani da ƙarfi. Mutumin kuwa da ya kama abu ba ya yi masa riƙon wasa. Kafin mako biyu ya wuce gona da iri.

"Malama, tsuntsaye biyu a kan waya."

"Na gani."

"Matar mai gadi ta shanya barguna."

"Wannan ba ruwan jirgi."

"Ɗaya ya faɗo."

"Kurahashi!"

Wuyansa ya yi tsami har sai da ya liƙa filastar zafi, hasumiya ta gauraye da warin magani, Tomari yana ta mita. Amma ranar da Chizuru ta sa hannu, ba ta yi wani dogon tunani ba.

Mai jarrabawar, Ebihara, mace ce da ba a taɓa ganin haƙoranta ba. Ta zauna a bayansa da takardunta. Chizuru kuwa aka ce ta koma can kusurwa, kada ta yi ko tari. Komai ya tafi sumul har jirgin la'asar ya hau kan titi, injina na ruri, yana jiran izinin tashi. Kurahashi ya share titi da ido, ya buɗe baki, sai ya tsaya. Ya ce wa matuƙi ya dakata. Ya kira motar sintiri ta je can ƙarshen titi ta duba.

Chizuru ta ƙura ido har hawaye ya taru, ba ta ga komai ba. Mota ta tafi a hankali, ta zagaya, ta sake zagayawa. Matuƙi ya fara tambaya. Can direba ya kira ya ce babu komai, sai dai wani ɗan danshi inda ruwan safe bai gama bushewa ba. Wayyo! Ya tsayar da jirgi cike da mutane saboda jiƙaƙƙen kwalta, a gaban Ebihara. Chizuru ta fara tunanin yadda za ta faɗa wa Shuhei.

Bayan jirgin ya tashi, Ebihara ta ce, "Malam Kurahashi, me ka gani?"

"Ban sani ba, ranki ya daɗe. Shi ya sa na tsayar."

Ta dube shi, ta yi ɗan rubutu, ta rufe takardunta. "Daga gobe za ka iya zama kai kaɗai."

Tomari ya yi ihun murna. Kurahashi ya miƙe zai rusuna wa malamarsa, wuya ya riƙe, ya tsaya a karkace yana cewa "ash, ash," kowa na dariya, har Ebihara sai da ta kare baki da takarda.

Chizuru ba ta jira an gama ba. Ta sauko matakala da gudu ta kira gida. Shuhei ya ɗauka, ya ji muryarta kawai ya gane, ya ce, "Tsaya, faɗa mata da kanki." Aka yi ta ƙwala kira kafin yarinyar ta zo tana haki.

"Nazuna, ina nan zuwa. Ni zan raka ki makaranta ranar farko."

"Da gaske? Mama, an saya mini jaka ja!" Sai kuma ta tambaya, "Wannan karon kwana nawa za ki yi?"

Chizuru ta zauna a kan matakala. Daɗi da zafi suka haɗu mata wuri guda.

"Ba kwana ba ne, 'yata. Na dawo ke nan."

"Har gobe da jibi?"

"Har ki gaji da ni."