Keken Nerys Ƙafa a Sama

Saura ƙiris wannan labari bai shiga takarda ba, domin Nerys ba ta son a riƙa ambatonta, ko a coci kujerar baya take nema. Sai da yayanta Gethin ya sa baki sannan ta ce to.

Tun da babur mai ƙafa huɗu ya kife da Gethin wajen kora tumaki a gangaren gonarsu, ƙafafunsa suka daina motsi, shi kuma ya daina fita. A da, a dajin kekuna da ke bayan kwarinsu a tsakiyar Wales, baƙar hanya yake bi, wadda sai gwanaye. Da aka ji wurin ya kawo kekuna masu ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, Nerys ta yi ta lallashi har ya yarda, amma da sharaɗi: in aka taru a kansa ana yi masa kallon tausayi, to ya gama, kada ta ƙara yi masa zancen daji.

Ita iyakarta da keke zuwa kanti. Mai ba da hayar kekuna ya nuna mata allo: koriyar hanya ta yara da 'yan koyo, shuɗiya mai ɗan gangare, sai ja, sai baƙa. Gethin ya ce shuɗiya. Mota ta kwashe su da kekunan har ƙolin dutse.

Da suka shiga cikin itatuwan sai duniya ta yi tsit. Dogaye ne, a miƙe kamar an auna, Nerys ta ɗaga kai har hular kwanonta ta zame ba ta ga ƙarshensu ba. Gansakuka ta lulluɓe duwatsu, ƙasa na ƙamshin ruwan jiya, hasken rana na saukowa tsilli-tsilli. Hanyar kuwa kamar da hannu aka shafe ta, tana lanƙwasa tana ɗaukar keken da kanta. Gethin na gaba, ƙasa-ƙasa, yana kwanto jiki a kowace kwana. Ta daɗe rabonta da ganin kafaɗunsa sun buɗe haka.

Can itatuwan suka yanke. Gethin ya ratse gefe ya tsaya a bakin gangare. Kwarin gaba ɗaya ya cika da farin gajimare, a ƙasansu yake, ba a sama ba, kawunan duwatsu sun leƙo kamar tsibirai. Wata shirwa na shawagi ƙasa da ƙafafunsu. A cikin wannan kwarin aka haifi Nerys, amma ba ta taɓa sanin haka yake daga sama ba.

Ta sauka, ta ga keken ba shi da ƙafar jingina, ga taɓo ko'ina, ga shi na haya. Sai ta yi yadda suke yi a gida in za a gyara sarƙa: ta juya shi ƙafa a sama a bakin hanya, ta gangara wajen yayanta. Ya sunkuyar da kai bisa hannun kekensa, ko motsi ba ya yi. Ta tsaya a gefensa.

Ƙarar birki ce ta dawo da ita. Wani saurayi ya yar da kekensa ya taho a guje, wasu na biye, ɗaya na ihu a tare hanya daga sama, wani ya ciro waya zai kira masu ceto. Ashe a dajin nan keke ƙafa a sama a bakin hanya abu ɗaya yake nufi: akwai wanda ya faɗi ya ji rauni a gaba. Suka kewaye Gethin. Wannan na cewa kada a taɓa wuyansa, wancan na tambaya ko yana jin ƙafafunsa.

Nerys ta ga fuskar yayanta ta rufe, irin rufewar da take yi in ya zauna a bakin taga a gida. Ta san in ta yi shiru, a mota za a sauke shi, shi ke nan kuma.

“Ni ce,” ta ce. Ba wanda ya ji, sai da ta ɗaga murya. “Ni na juya keken. Taɓo nake gudu. Yayana lafiyarsa ƙalau, kallo yake yi.”

Wata dattijuwa mai furfura, laka har goshi, wadda abokan tafiyarta ke kira Eluned, ta dubi keken, ta dubi Nerys.

“'Yata, kin zo daji kina gudun taɓo? Mu da kuɗinmu muke zuwa nemansa.”

Dariya ta ɓarke, duk ta koma kan Nerys, ita kuwa kunnuwanta har zafi suke. Mai waya ya mayar da ita aljihu. Eluned ta miƙa mata 'yar waina mai zabibi daga jaka, wai ta ci ta farfaɗo tun da ita ce majinyaciyar. Sannan ta juya ga Gethin.

“Kai kuma mai ƙafa uku, ka tare mana hanya. Ko ka yi gaba, ko mu bi ta kanka.”

Gethin ya dube ta. “Iya, in kin kamo ni, kuɗin shayinki in mun sauka a wuyana.”

Ya saki birki. Suka bi shi a jere, suka nutse cikin gajimaren ɗaya bayan ɗaya, Nerys a ƙarshe. Ba ta ganin komai sai fari, sanyi na taɓa fuskarta, can ƙasa kuma tana jiyo muryar yayanta yana yi wa dattijuwar tsiya.

A hanyar gida Gethin ya ce wai shuɗiyar ta yi masa sauƙi, ranar Asabar ja za su gwada, ta kuma bar keken mutane a kan ƙafafunsa.

Washegari da safe, kafin ta kai wa tumaki ciyawa, Nerys ta hau saman rumbu ta sauko da akwatin tsofaffin kayan hawansa. Ta kakkaɓe safar hannu, ta wanke hular kwano, ta ajiye su a ƙofar ɗakinsa.