Dogon Zango Ya Yi Shiru

Malam Alkasim gyaran agogo yake yi a Agadas tun yana saurayi, har hawan jinin ido ya cinye masa gani, ya bar wa yaronsa shago. 'Yarsa Rufaida, wadda ke aikin sakatariya a wani ofishin jakadanci a New York, ita ta yi ta faɗi-tashi har ta kawo shi ganin likita. Ya sauka da jaka ɗaya, sai wata tsohuwar rediyo naɗe a cikin rawani.

Likita ya duba, ya sake dubawa, ya ce jijiyar ta riga ta mutu. Abin da ya rage shi ne a rage masa ciwon, kuma sai ya zauna wasu watanni ana bibiyarsa. Rufaida ce ta yi ta share hawaye a jirgin ƙasa suna komawa unguwarta, University Heights. Tsohon kuwa tambaya ɗaya ya yi, ko akwai batir a gida.

Ta san dalili. Tun tana ƙarama, kullum bayan magariba yakan kamo wata tasha ta ƙetaren hamada a kan dogon zango. Ba labarai yake jira ba, 'yar ƙarar nan yake jira da ake bugawa idan awa ta cika. Da ita yake saita agogon aljihunsa, da shi kuma yake saita na dukan unguwa. Da ido ya tafi sai ya cire gilashin agogon, yana shafa hannayen agogon da yatsa.

A ɗakinta ya murɗa rediyon daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ba abin da ya fito sai shuuu. Ya matsa jikin taga, ya ɗaga ta sama. Haka ya wuni, haka washegari.

Sanyi ya shigo, tagogi a rufe. A gida yana gane hantsi da zafin rana a fatarsa, yana gane la'asar da hayaniyar masu dawowa daga kasuwa. Nan kuwa ɗumin ɗaki ɗaya ne safe da yamma. Agogon aljihun ya tsaya sau biyu, babu wanda zai gaya masa inda zai mayar da shi. Ta bar masa waya mai kiran salla, amma da zarar ya shafa fuskarta sai ya taɓa wani abu ta yi gum. Wata rana ta dawo da wuri, rana na sama, ta tarar ya sallame magariba yana zaune yana jiran isha.

Ranar Asabar ta kai rediyon unguwar Harlem, wajen Kadri, wani ɗan Kumasi mai gyaran wayoyi. Ya buɗe bayanta, ya hura, ya gwada.

“Hajiya, radio ɗin nan ba shi da problem,” in ji shi. “Ƙasan nan ba su taɓa yin station a long wave ba. Ko Turai da suke yi, suna kashewa ɗaya ɗaya, wuta yake ci da yawa.”

“To in yi yaya? Lokaci kawai yake so ya sani.”

Kadri ya ɗauko wani agogon tebur mai babban maɓalli, wanda in an danna yake faɗin lokaci da baki. Ya ce shi ma da dogon zango yake saita kansa, daga wata tasha can Colorado, amma sai an ajiye shi a tagar yamma.

Tagoginta duka bangon bulo na gidan maƙwabta suke kallo. Ta gwada ta ɗaki, ta gwada ta kicin, alamar kamawar ba ta taɓa fitowa ba. Ta saita shi da hannu, sai ga shi da Turanci yake magana. Malam Alkasim ya danna, ya saurara, ya sake dannawa.

“Mi ya ce?”

“Ya ce sha ɗaya da kwata, Baba.”

“To in ba ki nan, wa za ya hwaɗa mini abin da ya ce?”

Ranar Lahadi da azahar ya ce ta kira masa Mahamadou, yaron da ya bar wa shago, tunda can an yi magariba. Bayan gaisuwa ya ce ya kunna rediyon shago, ya kara wayar a jikinta, yana son ya saita agogo.

Mahamadou ya ce, “Malam, ai tashar nan ta daɗe ba ta kamuwa. Tun kahin ka tahi. Ni da salula nike saitawa.”

“A'a, ni ina jin ta.”

“Wata rana ta zo, wata rana babu, Malam. Yanzu kam ta ɗauke gaba ɗaya.”

“Kunna dai.”

Ya kunna. Rufaida na riƙe da wayar a kunnen mahaifinta, shi kuma babban yatsansa na kan agogo. Suka yi ta jin shuuu daga Agadas har awa ta cika ta wuce. Tana ganin lokacin a fuskar wayar, ta kasa gaya masa. Daga ƙarshe tsohon ya ce, “Ka ƙara gwadawa gobe.” Mahamadou ya ce to.

Da safe tana sa takalmi ya tambaye ta ƙarfe nawa, ta gaya masa. Ta kai ƙofa ya sake tambaya. A baranda ta haɗu da Yaa, maƙwabciyarsu mai aikin kula da tsofaffi, tana ja wa ɗakinta makulli. Rufaida ta roƙe ta ko za ta riƙa ƙwanƙwasa masa da rana, ta faɗa masa lokaci kawai.

“Ayya, sister, aiki biyu nake yi yanzu,” in ji Yaa. “Laraba ne kawai ina gida.”

“Ko Larabar ce, na gode.”

Suka sauka bene tare. A bakin titi Rufaida ta tsaya kamar za ta koma, Yaa ta ja hannunta ta ce jirgi na zuwa, suka ruga.