Tashar Baban Reluwe

Ƙwaryar kunu na hannun Safara'u sa'ad da ta hango ƙafafun Baba Rufa'i a miƙe ƙarƙashin rumfa, kansa jingine da turmi, hannuwansa duk laka. Ta dire ƙwaryar har kunun ya fantsalo mata a zane.

"Yaya Kulsumu! Fito ki gani!"

Tsohon ya buɗe ido ɗaya. "Ke, kururuwar me? Hutawa nake. Ai ko mutuwar ce sai ta jira in gama kasuwa."

"Baba, a haka ake hutu? Kamar an yar da kai?"

Kulsumu, matarsa, ta leƙo daga madafa tana goge hannu. "Rabu da shi, Safara'u. Tun safe yake durƙushe a kan wasan yaran nan, ko ruwa bai kurɓa ba."

Abin da take kira wasan yara gari ne guda. Tun da ruwan madatsar Tiga ya cinye Kwarin Marke, aka kwaso mutanensa aka zube su a wannan tudu na ƙasar Bebeji, Baba Rufa'i ya share gefen tsakar gidansa, ƙarƙashin rumfa, ya fara gina tsohon garin da laka. Ɗakuna kamar dunƙulen hannu, da jinkar ciyawa. Rumbuna na totuwar masara. Masallaci an shafe shi da farar ƙasa, fasasshen madubi kuma shi ne kududdufi. Mutum ko dabba dai babu ko ɗaya, don liman ya ja masa kunne a kan gunki. In ya gama sabon gini sai ya rufe shi da jiƙaƙƙen buhu kada ya tsage.

Sai kuma layin dogo, wanda Kwarin Marke bai taɓa gani ba ko a mafarki. Amma wa zai hana? Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaure ƙusoshin dogo a Dangora, har sunan Baban Reluwe ya bi shi. Ya shimfiɗa waya biyu a kan tsinken kara, ya kewaye garin da su. Taragun gwangwanin madara ne, ƙafafun murfin kwalba, da zare ake jan su. Tasha ce kawai bai gina ba. Mai unguwa ya ce a ƙofarsa ta dace, mahauta suka ce a kasuwa, shi kuwa sai ya yi dariya ya ce jirgi ya san inda zai tsaya.

Kowa ya zo sai ya nemi gidansa, ya yi ƙorafin an rage masa ɗaki ko an karkata masa zaure. Safara'u, maƙwabciyarsu ta jikin danga, tuni aka gina nata, ko kallonsa ba ta yi. Idonta kullum na yamma da garin, inda ƙasa take a share babu komai. A nan maƙabarta take a tsohon garin.

A shekarar amai da gudawa ɗanta na fari ya rasu, yaro ya fara tasawa har yana bin ubansa gona. Mace ba ta bin gawa. Mijinta Ubale na kwance a lokacin, shi ma ba a sa ran zai tashi. Maza ƙalilan masu sauran ƙarfi ne suka kai yaron, kuma a cikinsu wanda bai mutu ba ya yi Burumburum ko Doguwa bayan tashin gari. Baba Rufa'i ne ya haƙa kabarin. Shi kaɗai ya rage da ya san wurin.

Da rani in ruwa ya ja baya, kan tsohuwar kukar maƙabarta yakan leƙo. Safara'u takan tsaya a gaɓa da sunan wanki, ta yi ta kallonsa, ba ta san ko dama za ta duba ko hagu ba. Tambaya ɗaya ce za ta raba ta da wannan. To amma ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba, ranar da ya mutu ma a bayan rumbu ta yi kukanta. Yanzu ta buɗe baki ta tambayi dattijo kabarinsa? Ubale ma kunyar ta ɗaure shi. Sai ta koma kewaye-kewaye.

"Baba, wai yaushe ginin zai kai yamma?"

"Daga gabas na taso. Gari ba a yi masa tsallake."

"Na ga kasuwar ta ci kwanaki."

"Kasuwa ce fa, Safara'u. Rumfar mai kifi ma ban sa mata jinka ba."

Ya faɗa yana tari, irin tarin da ke naɗe mutum biyu. Ta tsaya tana duban tazarar da ke tsakanin kasuwa da filin yamma: marina, rijiya, gidajen maƙera. Ta dubi hannuwansa da suka zama kamar sillen kara. Haushinsa ya kama ta, da tsoro, da kunyar kanta, wai mutum na fama da ransa ita tana auna masa aiki.

Bai kai marina ba ya kwanta. Aka kawo mai magani, aka jiƙa saiwoyi, aka kai shi asibiti a bayan akori-kura aka dawo da shi ya fi da ramewa. Ƙura ta rufe jirgin. Kaji suka tona kasuwa, Safara'u ce ke korarsu.

Wata ranar Laraba da la'asar ta shiga gaishe shi. Kulsumu ta fita ɗebo ruwa, ɗakin ya rage su biyu. Ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba, ya jikin?"

"Jiki ya gode Allah. Ya Ubale? Kifi na kamuwa?"

"Ana samu."

Ga shi babu kowa. Ta buɗe baki.

"Baba, dama..."

"Ina jin ki."

"Dama... cewa zan yi ko a dama maka kunun tsamiya."

Ya kalle ta da idanun nan da suka faɗa. "A dama," ya ce.

Ta fito tana jin kamar ta mari kanta. Tuwon da ta tuƙa ran nan ya yi gudaji, Ubale ya ci a haka.

Washegari da hantsi tana tsakiyar surfe ta ji salati ya tashi ta bayan danga, sai muryar Kulsumu ta karye. Taɓaryar ta suɓuce mata. Ta zauna daɓas a ƙasa tana "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta yi kukan tsohon da gaske, don mutumin kirki ne, ya riƙe su kamar 'ya'ya. Amma a ƙarƙashin wannan kukan akwai wani, kuma ita kaɗai ta san na wane ne.

Kafin azahar maza sun ɗauke shi. Mata suka cika tsakar gida, ana ta "ya haƙuri", ana ture yara kada su taka garin. Safara'u ta zauna can gefe ta ba rumfar baya.

Kulsumu ce ta zo ta dafa kafaɗarta, idanunta jawur. "Taso."

"Ina, Yaya?"

"Ke dai taso. Mutumin nan bai bar ni na huta ba har ya tafi. Gari na wayewa ya ce in kwaɓa masa laka. Na ce Malam, a wannan halin? Ya ce in ban fito da shi ba zai rarrafa. Ni na riƙe shi ta baya yana yi."

Ta ja ta har ƙarshen rumfar. Ba marina, ba rijiya, ba gidajen maƙera, an tsallake su duka. Can a filin yamma ga jiƙaƙƙen buhu. Kulsumu ta ɗage shi.

Bishiyar kuka ce, ta guntun reshe mai kauri. Kusa da ita ga tashar, 'yar rumfar langa-langa a bakin dogo, a karkace, aikin hannun da ke rawa. Jirgin na tsaye a gabanta. Daga gindin kukar ta hannun dama, dab da wani ɗan suri, ga tudun laka guda ɗaya, tsawonsa bai fi ƙwallon dabino ba.

"Ya ce in faɗa miki, in kika tsaya a gaɓa kina fuskantar kukar, dama za ki duba. Ya ce da hannunsa ya gyara wa yaron kwanciya, kuma wurin akwai inuwa." Kulsumu ta share hanci da gefen mayafi. "Wai tun tuni ya sani. Jira yake ki tambaya, ke kuma kina jira ya faɗa. Ku biyun duk Allah ya shirye ku."

Safara'u ta durƙusa. Mata na ta shigowa da sallama a bayanta, ba ta ji su ba. Ta miƙa ɗan yatsa ta taɓa tudun a hankali. Lakar da sauran danshi, har shatin babban yatsan tsohon na nan a kai.

"Umaru," ta ce.

Kulsumu ta kau da kai kamar ba ta ji ba, ta tsaya riƙe da buhun yana ɗiga a ƙafarta.