Haihuwar Unguwar Ɗinya

A Funtuwa aka haifi Kudirat, a bayan tashar jirgi, inda mahaifinta Alhaji Raufu yake da shagon atamfa. Yarbanci sai a cikin gida. A waje kuwa, in ba ka ji sunanta ba, sai ka rantse 'yar Bakori ce. Ta yi karatun ungozoma a Zariya, ta yi aikin asibiti har ta ƙoshi, sannan ta buɗe ɗan gidan karɓar haihuwa nata na kanta. Babba da yaro, Nas suke ce mata.

Abin da ke ci mata rai shi ne damina. Sai a zo kiranta daga ƙauye, motar haya ta sauke ta a bakin titi, ta ƙarasa a kan babur ko a ƙafa cikin taɓo, ta isa ta tarar ana shirin wanke gawa. Saboda haka da ta ji wani Baturen aikin gona zai koma ƙasarsu yana neman mai sayen motarsa, ba ta tsaya shawara da kowa ba. 'Yar ƙaramar mota ce mai ƙofa biyu, launin ƙasa, cikinta ya ɗaga sama sosai, kuma tayoyinta huɗu duk suna ja. Ƙanenta Jimoh, wanda yake da gareji a hanyar Zariya, shi ya koya mata tuƙi a filin ƙwallo. Shi ya nuna mata ɗan ƙaramin ƙarfen da ke gefen giya.

"Anti, in kin ga laka ta yi laka, wannan za ki ja. Kar ki cika totur. Ki bar ta ta yi rarrafe da kanta."

Haka kuwa aka yi. A daminar 1982 babu lungun da motar Nas ba ta shiga ba. Inda manyan motocin hatsi suka kafe, direbobi na zaune a gindin itace suna jiran ƙasa ta sha iska, nan za ta raɓa ta wuce tana gurnani, laka har gilashi. Kudirat na son motar nan kamar mutum. Da hannunta take wanke ta.

Wata rana cikin watan Agusta, bayan azahar, an ɗauke ruwan da aka wuni ana yi, sai ta ji sallama ƙasa-ƙasa a bakin ƙofa. Wata dattijuwa ce, doguwa, siririya, da zanen saƙi baƙi irin wanda aka daɗe da daina ɗaurawa.

"Ke ce mai motar da ruwa ba ya tare ta?"

Kudirat ta yi dariya. "Ni ce, Inna. Lafiya?"

"Jikata ce ke kan gwiwa. Abin ya ƙi. Unguwar Ɗinya, kafin a kai Danja."

Kudirat ba ta taɓa jin sunan ba, amma unguwannin da ba ta sani ba suna da yawa. Ta ɗauko jakarta, ta tambayi matar sunanta.

"Tsohuwa. Tun ina yarinya haka ake ce mini."

Sai da suka fita gari sannan Kudirat ta fara lura da wasu abubuwa. Tsakar gidanta caɓal yake da ruwa, amma ƙafar matar ba ɗigon laka. Motar nan kuma ƙarama ce, ko yaro ya shiga sai ta ɗan risina ta gefensa. Yau tana tafiya sak kamar ba kowa a kujerar. Gilashin gaba ya yi hazo ta wajen Kudirat har tana gogewa da gefen mayafi, ta wajen Tsohuwa kuwa tas. Ta ce a ranta gajiya ce, ta kama sitiyari da kyau.

"A nan za ki karya," in ji Tsohuwa.

Hanyar shanu ce ta ratsa tsakanin gonakin dawa, karan ya fi motar tsawo, ganye na shafar ƙofofi. Suka yi ta gangarawa har suka iso bakin rafi. Ruwan ja ne, ya cika ya batse, yana tafe da kara da rassan itace. Kudirat ta taka birki.

"Inna, wannan ya fi ƙarfina."

"Shiga ta wajen dutsen can. Ƙasan tsakuwa ce."

"Kin tabbata?"

"Na sha tsayawa a nan ina kallonsa."

Kudirat ta yi bisimilla, ta ja ɗan ƙarfen, ta saki kuloci a hankali. Ruwa ya kai ƙasan ƙofa, ya fara tsiyayowa ta wajen ƙafarta, sanyi ƙalau. Bayan motar ya ɗan goce, ta ji tayoyin gaba sun cafki tsakuwa sun jawo ta. Suka haura.

Da haurawarsu duniya ta yi tsit. A wancan gefen kwaɗi na ta kuka, tsuntsaye na ta shawagi bayan ruwa. A nan ba abin da take ji sai injin, shi ma kamar an lulluɓe shi da bargo.

Unguwar ba ta da girma. Gidajen ƙasa ne da rumbuna, da wata ƙatuwar ɗinya a tsakiya. Maza na zaune a kan tabarmi a ƙofar wani zaure. Ta yi musu sallama ta taga, suka ɗaga hannu gaba ɗaya, a tare, ba wanda ya buɗe baki. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne yara. Duk ƙauyen da ta shiga, kafin ta kashe mota yara sun yanyame ta suna leƙa madubi. A nan suna tsaye jikin katanga, hannuwa a sake, suna kallo. Ba kaza, ba akuya, ba hayaƙi a kan ko gida ɗaya.

Tsohuwa ta shige gaba, Kudirat ta bi ta da jaka. Tsakar gidan cike da mata a tsaitsaye, suka dare suka ba ta hanya. A cikin ɗaki wata yarinya ce durƙushe, ta riƙe turmi, kanta a sunkuye.

"Sabuwa, ga ta na kawo," in ji Tsohuwa.

Yarinyar ta ɗago. Kyakkyawa ce, leɓunanta sun bushe sun tsage. "Kin daɗe, Nas."

"Ruwa ne ya tare hanya, ƙanwata. Yi haƙuri."

"Na sani. Kullum ruwa ne."

Daga nan aiki ya kori tsoro. Kudirat ta sa safar hannu, ta kwantar da ita, ta shafa cikin. Jikin sanyi kamar randa. Ɗan ya kwanta a gicciye, shi ya sa ya ƙi fitowa. Ta nemi ruwan zafi, aka miƙo mata ƙwarya. Ruwan ba tururi, ba ɗumi, ta dai wanke hannu haka nan. Ta yi ta lallaɓa cikin, tana juya ɗan kaɗan-kaɗan, gumi na zuba mata a ido, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta, wata da Larabci wata da yaren uwarta. Sabuwa ba ta yi ƙara ko sau ɗaya ba. Idonta na kan fuskar Kudirat.

"Yanzu yunƙura. Yunƙura, Sabuwa! Kar ki tsaya!"

Ɗan ya faɗo a hannunta, namiji, shiru. Ta share masa baki, ta juya shi, ta murza bayansa da ƙarfi. Can sai ya ja numfashi ya tsala kuka. Shi kam jikinsa da ɗumi. Ɗumin ya ratsa safar har tafin hannunta.

A waje ta ji wani dogon numfashi, na mutane da yawa a lokaci guda, kamar an sauke wa gari kaya daga ka.

Ta yanke cibiya, ta jira mabiyiya ta fito, ta gyara uwar, ta ɗora mata ɗan a ƙirji. Sabuwa ta rungume shi ta rufe ido tana murmushi. Kudirat ta fara bayanin da ta saba, yadda za a kula da cibiya, da cewa za ta dawo ta duba su. Tsohuwa ta dafa mata kafaɗa.

"Kin gama naki, 'yar nan. Allah Ya saka. Ki tafi tun rana na sama."

Da ta fito, mazan nan duk sun miƙe tsaye. Ta shiga mota ta tayar. Ta juya kan motar, ta ɗan yi gaba, sannan ta ɗaga ido ta dubi madubi. Ɗinyar na nan. Bayanta ba komai sai gamba, dogaye, iska na kaɗa su.

Ba ta san yadda ta haye rafin ba. Ta dai ji kukan kwaɗi ya dawo mata a kunne kamar an buɗe ƙofa. A bakin gonakin dawa ta ci karo da wani dattijo da fartanya a kafaɗa, ya tsaya a tsakiyar hanya baki buɗe. Malam Mati ne, ta taɓa karɓar haihuwar surukarsa.

"Nas? Daga ina haka? Ai ba hanya a can."

"Daga Unguwar Ɗinya, Baba."

Ya sauke fartanyar a hankali. "Wa ya kai ki?"

"Wata Tsohuwa. Jikarta Sabuwa ce ta haihu."

Malam Mati ya zauna a ƙasa, cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, yana salati. A can aka haife shi, in ji shi. Shekarar amai da gudawa, fiye da shekara goma ke nan, ciwon ya shiga unguwar a tsakiyar damina, rafi ya cika, ba mai shiga ba mai fita. Ana cikin haka naƙuda ta kama Sabuwa. Kakarta ta yi ta zuwa bakin rafi tana kiran mutanen ƙetare a nemo ungozomar asibiti. An nemo ta, har ta zo, ta tsaya a wancan gefen da jakarta, ruwa ya hana. Sabuwa ta rasu da cikinta. Kakar ta bi ta kafin ruwan ya janye. Waɗanda suka rage suka kwashe suka dawo bakin titi.

"Me ta samu?" ya tambaya.

"Namiji."

"Mijinta ƙanena ne," in ji shi. Ya rufe fuska da hula.

Zazzaɓi ya kwantar da Kudirat. Da ta samu sauƙi ta gaya wa Jimoh komai. Ya ce zafin ciwo ne ya sa ta mafarki, amma ya yarda su koma, don hankalinta ya kwanta. Suka ɗauki Malam Mati a hanya. Ruwa ya ragu, Jimoh ne ke tuƙi. A ƙetaren rafi ga sawun taya nan ɓaro-ɓaro, ya kwantar da gamba ya miƙe har gindin ɗinya, inda ya yi kwana ya dawo. Babu gida ko ɗaya, sai tudun ƙasa nan da can inda katangu suka narke. A kan wani tudu suka ga safar hannunta guda biyu, a ninke, an ɗora musu ɗan dutse kar iska ta kwashe.

Malam Mati ya ce nan ne ɗakin. Ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo, suka shafa. Da suka hau kwalta Jimoh ya dube ta.

"Anti, ki sayar da motar nan. Gobe-gobe zan samo miki mai saye."

"Laifin me ta yi?"

"Sun san ta yanzu. In suka sake zuwa fa?"

Kudirat ta dubi gonakin auduga da ke wucewa. "In na sayar, wata ma za ta tsaya a bakin rafi da jaka. Ba zan sayar ba."

Ya yi ta magiya har gida, ya kai ƙararta wurin Alhaji Raufu, shi ma ya kira ta ya yi mata faɗa. Ta durƙusa ta saurara, ta ce to, amma makullin bai bar jakarta ba.

Ranar da mako ya zagayo, da hantsi, aka zo kiranta wata haihuwa a Bakori. Motar na cikin rumfa a kulle, gilasai a rufe, yadda ta bar ta. Ta buɗe ƙofa sai ƙamshin hayaƙin itace ya bugi hancinta. A kan kujerar gaba ga wata sabuwar ƙwarya an rufe da faifai. Ta ɗaga faifan da yatsa biyu. Kan rago ne da ƙafafu, an babbake su tsaf, da ɗan ƙullin goro a gefe. Rabon ungozoma ne na ranar suna. Naman da sauran ɗumi.

Jimoh, wanda ya biyo ya duba mata mai, ya leƙo ta kafaɗarta, ya ja da baya har ya yi karo da ginshiƙin rumfa.

"Kar ki taɓa! Bari in samo sanda in jefar da shi a kwata."

"Ba a jefar da abin suna," in ji ta.

Ta mayar da faifan, ta ɗauki ƙwaryar da hannu biyu ta sa a kujerar baya, ta tokare ta da jaka don kar ta kife. Ta ce in ta gama da Bakori za ta wuce ta kai wa Malam Mati, shi ne wan uban yaron, shi ya san yadda zai yi da ita. Ta zauna ta tayar da injin, ta bar shi ya ɗan yi zafi. Jimoh na tsaye daga nesa, ya kasa matsowa.

Har ta sa giya, sai ta sauke gilashi ta leƙo.

"Jimoh, ko wane suna suka sa masa?"

Ya ƙara ja da baya. Ta ja motar ta fita, mai kiran na biye da ita a kan keke.